Gwamen da Mai Zare Ya Yarda da Shi

Shekara talatin da huɗu Mai Zare ya yi yana saita ƙafafun mota a gareji ɗaya, a ƙarshen layinmu, tsakanin shagon mai faci da na mai walda. Kayan aikinsa ne suka jawo masa wannan suna. Ba shi da na'ura. Abin da ya mallaka shi ne zaren kamun kifi guda biyu, da sandunan ƙarfe da yake ɗaure su a jiki, da rula, da lebur irin na magina, sai daɓen siminti wanda ya tsaya a kan masu aikinsa kwana uku har suka fitar da shi ba tudu ba gangare. Idan mota ta shigo, yakan ja zare ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, ya durƙusa a gaban kowace taya ya auna tazarar da ke tsakaninta da zaren. Kafin ya yi haka kuwa, sai ya shafa tayar da tafin hannunsa, daga gefen waje zuwa na ciki. Daga wannan shafar yake gaya wa mai mota ramin da ya faɗa da irin kayan da yake labta mata.

Dokarsa ɗaya ce, kuma kowa a layin ya san ta: mota ba ta fita daga ƙofarsa sai tayoyinta huɗu sun miƙe. Samarin da ke so a yi wa motarsu gwame domin ado, wato saman taya ya karkata ciki, ƙasanta ya buɗe waje, yakan sallame su cikin ladabi. Cewa yake yi an ƙera taya ne domin ta kwanta a kan kwalta da dukkan fuskarta, wanda duk ya sa ta tafiya a kan gefe ɗaya ya zalunce ta. Na san wannan domin tsohuwar motata ta daɗe a hannunsa, kuma tun da na ajiye koyarwa nakan zauna a bencin ƙofarsa da hantsi.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Shi ya koya mata tuƙi. Tana da ƙaramar mota shuɗiya mai ƙofa huɗu, da ita take zuwa aiki, da ita take kai mahaifiyarta kasuwa. Wata abokiyar aikinta ce ta fara kai ta filin tseren da ke bayan gari, inda sau ɗaya a wata, Asabar da Lahadi, ake barin mutane su shiga da motocinsu na gida, su zaga ana duba musu lokaci. Ta je sau biyu. A karo na biyu ta dawo da takarda wadda mai koyar da tuƙi na filin ya rubuta mata: a sa sifirin mai tauri, a sauya shokazoba, a sauke motar kamar yatsa biyu, sannan a layi na ƙarshe, a karkata tayoyin gaba digiri biyu da rabi, wato a yi musu gwame.

Mai Zare ya karanta takardar sau biyu. Cikin mako guda ya yi duk abin da ke cikinta, har ya ƙara da sauya man birki, abin da ba a nema ba. Da Auta ta zo ɗauka, ta zaga motar ta tsaya a gaba.

"Baba, saura layi na ƙarshe."

"Na gan shi, Auta. Wannan layin ba a garejina ake yin sa ba."

Ta yi masa bayani, ya saurara har ta gama, sannan ya ce wanda ya rubuta takardar ba shi zai ga tayoyin sun cinye ta gefe ɗaya cikin wata uku ba. Da maganar ta isa gida, mahaifiyarta ta ƙi shiga. Ta ce kai ɗaya ne aka raba musu biyu, ba ta ga inda za ta sa baki ba.

Ranar Asabar Auta ta shiga fili da tayoyi miƙaƙƙu. A zagaye na shida, a wata doguwar kwana, ta karya sitiyari amma motar ta ƙi bi, ta zarce gaba ta faɗa cikin tsakuwar da aka zuba a gefe domin irin wannan. Ba ta ji ciwo ba, bamba ce kawai ta karce. Da la'asar ta tsaya a gareji ta ba mahaifinta labari, ba tare da ɗaga murya ba. Ta ƙare da cewa ranar Litinin za ta kai motar babban garejin da ke da na'ura, sun ce za su yi mata layin.

Ya ce to. Ya ci gaba da naɗe zarensa. Na lura dai ya naɗe shi ya warware har sau biyu. Tun ranar da aka ɗauko yarinyar nan daga ɗakin haihuwa, ba ta taɓa shiga motar gidansu wadda wani ya taɓa ƙafafunta ba shi ba. Kafin ta tayar da mota ya nemi abu ɗaya, cewa gobe ta tafi da shi ya ga wurin.

Da safe suka ɗauke ni, tunda akwai wuri a baya. Bai tafi da sifana ko ɗaya ba, alli kawai ya sa a aljihu. A filin ya zana layi uku-uku a kafaɗar kowace tayar gaba, ya ce ta yi zagaye biyar yadda ta saba, ta dawo kai tsaye kada ta tsaya shan iska. Da ta dawo, tun kafin ta cire hular kwano ya durƙusa. Ya ɗora tafinsa a gefen waje, ya janye da sauri, domin zafin ya kai na murfin tukunya. Tsakiya da ɗumi. Gefen ciki kuwa kamar tayar ba ta je ko'ina ba. Allin ya goge har kusa da rubutun da ke jikin tayar.

Kusa da mu wani mai ƙiba ya shigo da motarsa mai gwame sosai, irin wadda Mai Zare ba ya ko son kallo. Ya je ya yi masa sallama, ya nemi izinin taɓa tayarsa. Mutumin ya yi dariya ya ce ya taɓa har injin ma. Mai Zare ya shafa daga waje zuwa ciki, ya sake shafawa. Zafin ɗaya ne tun daga wannan gefe har wancan. Daga nan ya taka zuwa shingen da ke fuskantar doguwar kwanar, ya tsaya kusan rabin awa yana kallon yadda motoci ke kwantawa gefe idan sun shigo ta.

A hanyar dawowa, da muka shigo gari, Mai Zare ya kira ni.

"Malam," ya ce da ni, idonsa a kan titi, "a kwanar nan mota kwanciya take yi, taya kuma ta bi ta. Abin da na miƙe a daɓena, a can karkatacce ne." Sai ya juya wajen 'yarsa. "Ki gaya wa masu na'ura kada su jira ki."

Ya yi aikin ranar Juma'ar da ta gabaci zuwa fili na gaba. Ya sa Auta ta zauna a kujerar direba da hular kwanonta, da rabin tanki na mai, domin a cewarsa ba a auna mota babu mai ita a ciki. Bai bi takardar har ƙarshe ba. Digiri biyu ya ba ta, ya ce rabin da ya rage sai hannunsa ya nema. Ya kuma sa wa notukan alama da fenti iri biyu, fari na titi, ja na fili, domin duk Litinin ɗin da ta biyo baya ya mayar da tayoyin yadda suke.

Abin da ya rage shi ne fitar da motar. A filin babu daɓe mai lebur, saboda haka dole daga ƙofarsa za ta fita da gwamenta, a gaban layin da ya shekara talatin yana jin dokarsa. Auta ta ce za ta iya bi ta ƙofar baya. Ya ce ƙofar baya ta shara ce. Ya tashi da kansa ya buɗe ƙyauren gaba duka biyu.

Mai faci ne ya fara gani. Ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya kira mai walda ya zo ya taya shi kallo.

"Mai Zare, ido ne ya gaza, ko zaren ne ya tsinke?"

"Ka biyo mu gobe ka shafa tayar," in ji shi, "idan hannunka ya san wani abu ban da gam."

Mai faci bai je ba, amma ya yi mako yana ba da labarin. Samari uku suka zo a makon suna cewa sun ji an sassauta doka. Mai Zare ya tambayi kowannensu wace kwana yake nufin shiga, da wane gudu, sannan ya sallame su kamar da.

Yanzu shekara biyu ke nan. Sau biyu a wata yake durƙusa wa shuɗiyar motar, Juma'a zuwa ja, Litinin zuwa fari, ko da yake gwiwoyinsa sun fara ƙorafi kuma matarsa tana taya su. Rabin digirin nan ya ƙara shi a wata na uku. Auta ta gaya mini har yau bai taɓa tambayar ta a minti nawa take zagaye filin ba. Idan ta gama zagaye a filin ta shigo, hannu kawai yake ɗaga mata ta tsaya kusa da shi, ya shafa tayoyin kafin su huce.