Naman Merle Yana Kan Dutse

"Kun ji Merle ya sayi sandunan tafiya?"

"Wane Merle? Mai cewa sanda ta 'yan birni ce da tsofaffin mata?"

"Shi fa. Har guda biyu."

"To, gwiwa ta yi magana ke nan."

A shagon shan kofi na garinmu, can cikin duwatsun Idaho, na tsinci hirar nan, aka kwashe da dariya.

Merle Etcheverry jikan makiyayan tumaki ne. A injin yanka katako ya ƙare ƙuruciyarsa, ya binne matarsa, 'ya'ya suka watse birane. Abu ɗaya ya rage masa: duk kaka yakan hau dutse shi kaɗai, ya harbo elk, dabbar nan mai girman saniya da ƙaho kamar rassan itace, ya sauko da naman a bayansa kashi-kashi. Mu nan, nama ake fara saukewa, ƙaho daga baya. Wanda ya bar nama ya ruɓe a sama, ko gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa.

Da gwiwa ta ƙi, sai ya zaɓi sanduna yadda yake zaɓen kayan hawa: waɗanda suka fi rashin nauyi. Mai kanti ya ce na ƙarfe lanƙwashewa suke yi, waɗannan kuwa karyewa. Merle ya ce shi ba yaro ba ne. Ya kuma ɗaure igiyoyinsu tam a wuyan hannu, don a tashinsa ba a sakin kayan aiki.

Da kakar bana ta zo ya hau dutsen, ya yi harbi, ya feɗe, ya rataye naman a itace cikin buhunan yadi, ya goyo cinya ɗaya. A gangare tsinin sanda ya maƙale tsakanin duwatsu, kaya ya tunkuɗa shi gaba, igiya ta hana hannu fita. Sanda ta karye, kafaɗa ta goce.

Bayan ya sauko na tarar da shi a shagon, hannu rataye a ƙirji, yana kallon rana ta taga. Ranar kuwa ta buɗe kamar da gayya. Maza duk suna sansanonin farauta inda waya ba ta shiga. Ni kuwa ko matakalar gidana da hutawa nake hawa.

Sai ga Darlene, ƙanwar marigayiyar matarsa, tsohuwar mai raba wasiƙu, wadda ita ma furfura ta cinye mata kai.

"Kai, tsoho! Dutsen ne ya rama?"

"Ki bari, Darlene."

"Yau babu baƙar magana? Lallai jiki ya ji." Ta ja kujera. "Nawa ya rage a sama?"

"Duka, ban da cinya."

Murmushinta ya ɗauke. "A zafin nan? Zuwa gobe ai ƙudaje sun gama rabo."

"Na sani."

"Merle, ni ba alfadari ba ce. Ko rabin cinya ba zan iya ba."

Ya yi ta juya kofinsa da hannun da ya rage. Bai taɓa roƙon kowa komai a gabana ba.

"Na san ba za ki iya duka ba," ya ce. "Yana rataye a itacen da tsawa ta tsaga, sama da rafi. Don Allah, ƙanwata, ko naman gadon baya ne kaɗai, ki je ki sauko min da shi."