Ranar da Na Ba Isiya Katin Ga-ruwa

Cikin shekarun da na yi ina aikin duba-gari, akwai wata Laraba da ta ƙi barin raina. Ba a bakin kwata abin ya faru ba, ba kuma a mahauta ba. A kan tebur ne, cikin wani ɗakin taro mai sanyi a GRA. Tunda gobe za ku shiga irin wannan bitar, kuma na ji wani cikinku yana cewa ai wasa kawai za a yi a ci shinkafa a watse, to ku ja kujeru ku zauna. Ni ku bar ni a tsaye, labarin nan ba ya barina zama.

Lokacin ina mataki na goma, ina riƙe da shiyyar Ƙofar Marusa. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, kowace shiyya mutum biyu ke fita zagaye, babba da mataimakinsa. A yi sallama a shiga gida, a duba rijiya da masai da magudanar ruwa. In an ga ɓarna a ba da takardar gargaɗi, in an ƙi gyarawa magana ta je gaba. Mataimakina shi ne Malam Isiya, ɗan mataki na takwas. Shekara tara muna bisa babur ɗaya. Ni ne mai baki, kun dai san ni, bakina ba shi da linzami. Shi kuwa mai ido ne. Ina can ina zuba da mai gida, Isiya ya riga ya gano inda ruwan wanka ke zurarewa cikin rijiya.

Wata rana da damina ruwa ya tare mu, muka fake a wani zaure. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya tuɓe yana matsewa, sai na ga kanta a kafaɗarsa ta dama, baƙa, mai kauri. Na ce, "Kai Isiya, wannan fa?" Sai ya gaya mani. Da ya baro ƙauyensu ya zo birni karatun aikin lafiya, ga-ruwa ya yi shekara uku, garwa biyu da sanda, kullum kafin a shiga aji. Ya ce, "Malam Sada, ko 'ya'yana ba su sani ba. Ba kunyar sana'ar nike ji ba, amma ka san ofishinmu." Na san shi kuwa. Rabinmu 'yan cikin gari ne, waɗanda in ka faɗi sunanka sai sun tambaya ɗan gidan wa ne kafin su matsa maka a benci. Na ce mashi wannan magana ta mutu a zauren nan.

Ana gab da wata daminar aka kira mu bita ta kwana uku kan amai da gudawa. Mai koyarwar, Hajiya Rabi, tsohuwar jami'ar lafiya ce, ba ta son dogon jawabi. A rana ta biyu ta raba mu mutum biyar-biyar, ta shimfiɗa wa kowane tebur taswirar wata unguwa ta ƙirƙira, da gidajenta da rijiyoyinta. Kowa zai karɓi kati ya zama mutumin da ke jikin katin: mai unguwa, ungozoma, duba-gari, mai ga-ruwa, da wani Alhaji mai gidajen haya. Cuta ta ɓulla a unguwar, an ba mu zagaye goma mu gano rijiyar da ta gurɓace. Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, a jefa ɗan lido mai ɗigo-ɗigo a ga ko ya yi nasara. Duk zagayen da ya wuce ba a gano ba, Hajiya ta ajiye ƙwayar wake a kan wani gida, alamar an kwanta ciwo. Babu mai ci shi kaɗai, tebur duka ke ci ko ya faɗi. Ta kuma ajiye jan kati a tsakiya, ta ce duk wanda magana ta yi wa zafi ya taɓa shi, za a canza zance ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Da yake ni ne babba a teburinmu, ni ta miƙa wa katunan in raba a kife. Na leƙa. In ce maku rashin sani ne, na yi ƙarya. Na ga katin mai ga-ruwa, raina ya ce in ba Isiya shi, mu ga yadda zai yi da fuska. Ni a tunanina tsokana ce tsakaninmu mu biyu, ba mai ganewa. Na tura mashi, na riƙe katin Alhaji. Ya buɗe, ya dube ni, na kashe mashi ido. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

Katina ya ce Alhaji mutum ne mai raina baƙi, ya yi imani 'yan ƙauye ne suka kawo cutar. Haba, an ba kura ajiyar nama. Ina da wani kawu, Allah ya jiƙansa, da haka yake magana, sai kawai na ari muryarsa. Na gyara hula, na turo ciki, na ce, "Mu tun kakanni muke shan ruwan unguwar nan ko ciwon kai ba mu yi. Sai da waɗannan suka cika mana gari, kowa da buhunsa da tarinsa." Tebur ya kwashe da dariya. Hajiya ma ta gyaɗa kai, don irin mutanen nan suna nan, kuma dole ma'aikaci ya koyi yadda zai bi da su. Har nan ban yi laifi ba.

Isiya ya shiga wasan da farko. Ya ƙanƙantar da murya ya ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, ni da nike zagaya rijiyoyin nan kullum, akwai abin da na lura..." Na katse shi, na ce yaushe aka fara sa ɗan ga-ruwa a shawarar manya. Aka sake dariya. Mannir, wani ɗan ofishinmu da ke riƙe da katin mai unguwa, har da buga tebur. Dariyar nan ita ta ja ni. Wake biyu, wake uku, ina ta zuba, har mutanen sauran tebura suna waiwayowa.

A zagaye na biyar Isiya ya sake ɗaga hannu. Ban san sanda na miƙe tsaye ba. Na nuna shi da yatsa na ce, "Kai rufe mana baki! Mutumin da ya shigo garin nan da garwa biyu da sanda shi zai koya mana tsafta? Ku ce ya buɗe kafaɗarsa ta dama ku gani, har yau kantar tana nan. Kakin gwamnati bai goge ta ba."

Mai ga-ruwan cikin kati ba ya sa kaki. Mannir ne ya fara ganewa. Ya ce, "Kaki kuma? Au! Malam Isiya, wai da gaske ne?" Dariyar da ta biyo baya ba irin ta farko ba ce, kowa idonsa a kan kafaɗar mutumin.

Na ga hannun Isiya a kan tebur, tsakaninsa da jan katin bai fi taƙi ɗaya ba. Bai taɓa ba. Daga baya na gane dalili: in ya taɓa, ya amsa wa Mannir ke nan. Sai ya kife katinsa ya ce, "Mai ga-ruwa ya ɗauki garwarsa ya tafi gida." Duk zagayen da ya zo kansa, Hajiya ta tambaya me mutuminsa zai yi, sai ya ce, "Yana gida." Muka yi ta lalube, muka rufe rijiyar masallaci, muka rufe ta kasuwa, duk ba su ba ne. Wake ya cika taswira. Cikin tebur shida, namu kaɗai ya faɗi.

Hajiya ta sa kowa ya karanta katinsa a fili. Na Isiya ya ce mai ga-ruwa ya san rijiyar gidan hayar Alhaji ta canza wari, don an haƙa masai kusa da ita. Amsar tana hannunsa tun zagayen farko. Sannan ta ce in juya bayan nawa. Wallahi ban ma san da rubutu a baya ba. An rubuta: idan mai ga-ruwa ya nemi magana sau biyu, Alhaji ya yi gunaguni ya saurare shi.

Da aka tashi sallar Azahar, Hajiya ta tsayar da ni a baranda. Ta ce, "Malam Sada, wanda aka ba mugun kati, aikinsa ya ba 'yan tebur abin da za su tura, sannan ya bari su ture shi. Kai ka kafe, ka kuma ƙara da abin da ba ni na rubuta ba." Na ce, "Hajiya, ai wasa ne, ni da Isiya kamar taubasai muke." Ta ce, "Taubashi in ka jefe shi ramawa yake. Shi da mi zai rama?"

Kafin mako ya ƙare sunan ya bi ofis. Isiya zai wuce, sai ka ji daga wani lungu, "Ga-ruwa!" Wani ya ɗaga buta ya ce a ciko mashi. Na kama Mannir na wanke shi tas, ya bari na gama, ya ce, "To Malam, ai a bakinka muka ji." Isiya kuwa sai ya janye jiki. Ya daina jirana da safe, sai in tarar ya hau ɗan acaɓa ya riga ni shiyya. Mu yi zagaye, ya rubuta abin da ya gani, ya miƙo mani in sa hannu.

Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. In ɗauki fayil in ajiye, in fita bakin ƙofa in dawo. Abinci ma sai in ci loma biyu in ture, har maiɗakina ta tambaya ko an yi mani sammaci ne. Sau biyu ina hawa babur har Ƙofar Kwaya inda yake zaune, in hango ƙofar gidansa, in ƙara wuta in wuce kamar mai wata sabga. Kullum ina shirya maganar da zan faɗa, kullum sai in ji ta yi kama da kare kai.

Ranar Talata shugaban sashe ya kira ni. Ya turo mani takarda, rubutun Isiya ne, yana neman a mayar da shi wata ƙaramar hukuma can waje. A tsarinmu irin wannan takarda sai shugaban sashe ya sa hannu take wucewa hedikwata, in ta wuce kuma ba ta dawowa. Ya ce, "Sada, mi ka yi wa bawan Allahn nan? Ba ni da mai ido kamarsa, ga damina ta zo. Zan riƙe ta zuwa Juma'a. In ya zo da kansa ya janye, shi ke nan."

Ranar Alhamis bayan La'asar na tsaya a ƙofar gidan Isiya, wannan karon na kashe babur don kada ƙafata ta yaudare ni. Ya fito, ya shimfiɗa mani tabarma a zaure. Na fara da abin da na shirya, na ce Alhajin kati ne ya yi magana, wasan ne ya ɗebe ni.

Ya ce, "Alhajin kati bai taɓa ganin kafaɗata ba."

Na zubar da sauran shirin. Na ce na ci amana, na ji kunya, ya yafe mani don Allah, ya janye takardar nan. Na ce zan tsaya gaban ofis duka in faɗi laifina. Har na fara sa rai. Sai ya ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. In baki ne ya suɓuce, wannan kowa yana yi, gobe in je in karɓo takardata. Katin nan, sa'a ce ta kawo mani shi, ko kai ka zaɓa?"

Ba wanda ya ga na leƙa katunan. Kalma ɗaya ce tsakanina da abin da na zo nema, kuma na ga a fuskarsa yana so in ce sa'a ce. Na ce, "Ni na zaɓa."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Na gode da ba ka yi mani ƙarya ba. Na yafe maka duniya da lahira, Malam Sada. Takarda kuma a bar ta ta wuce." Ya rako ni har bakin babur, ya riƙe mani shi na tayar.

To gobe wani cikinku zai ɗauki katin Alhaji, don har yanzu yana cikin wasan. Ku yi shi da kyau, kada ku sassauta, don a bakin aiki za ku haɗu da waɗanda suka fi shi. Amma ku karanta katin gaba da baya, ku zagi wanda ke jikin takarda, ku bar wanda ke zaune gabanku. Aikin nan namu na shiga zauren mutane ne, muna ganin abin da ba a nuna wa baƙo, na masu gida da na abokan aiki. Wanda bai iya riƙe wannan ba, bai iya aikin ba, ko da ya haddace littafin dokar tsafta.

Isiya yanzu shi ne shugaban sashe a inda ya koma. Mukan haɗu a taron jiha. Yana hango ni zai taso, ya ba ni hannu biyu, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ba ya tsallake ko ɗaya. Waɗanda ke gefe sukan ce kai, mutumin nan yana girmama ka. Ni kuwa shekara tara muna tare bai taɓa yi mani doguwar gaisuwa ba. Da safe sai dai ya ɗare bayan babur ya ce, "Sarkin surutu, ja mu je."