Kabarin Sarkin Masar da Dawowar Malam Bawa

Gidanmu na Argungu yana bakin gulbi, har in ruwa ya cika da damina muna jin muryoyin masunta daga tsakar gida. Kakarmu, wadda kowa ke kira Inna Tumba, bandar kifi ce sana'arta. In ɗari ya shigo, an gama yankan shinkafa, da an idar da sallar magariba sai ta hura wutar bandarta, mu jikoki mu kewaye ta. Ɗumi ne ke kawo mu, da kan tarwaɗa da takan ɓantaro mana, da kuma labari. Ni ta fi tsokana, don ni ne maigidanta na wasa.

Yawancin tatsuniyoyinta na kura ne da aljanun ruwa. Amma akwai labari guda da ba ta yi sai ranar da ta ga dama. Kafin ta fara sai ta gyara zama, ta dube ni ta ce, "Maigida, in kwana za ka yi, tashi tun yanzu. Wanga ba tatsuniya ba ce. Babana yag gani da idonai."

Babanta, Malam Bawa, masunci ne. Tana goye a bayan uwarta ya kama hanyar Makka da ƙafa, shi da ƙanensa Ɗanjuma. A wancan zamani tafiyar shekaru ce, a yi noman ƙwadago a wannan gari, a sami guzuri, a ƙara gaba. Ranar da za su tashi, uwarsu ta riƙe hannun Bawa ta ce, "Kai ne babba. Ka tafi da shi, ka dawo mini da shi."

Sun isa, sun sauke farali. A hanyar dawowa, bayan sun ƙetaro teku sun shigo ƙasar Sudan, zazzaɓi ya kama Ɗanjuma a wani ƙauye, bai tashi ba. Bawa ya rufe shi, ya jera duwatsu a kan kabarin. Da ya zo mararrabar da zai yi yamma ya nufi gida, sai ƙafa ta ƙi. Bai san da wane baki zai gaya wa tsohuwa ba. Ya juya ya bi kogin Nilu ya yi arewa, yana aikin jirgin ruwa, tun da ruwa ne abin da ya sani. Shekaru suka yi ta wucewa, bai aiko da saƙo ba. A Argungu wasu suka ce ya mutu. Aka ce wa matarsa ta yi takaba, ta ƙi.

A haka ya isa wani gari na Masar a bakin kogi. A ƙetaren garin akwai wani kwari na duwatsu, babu ciyawa ko ɗaya, inda mutanen dauri suke binne sarakunansu. Wani Bature yana ɗibar ma'aikata a wurin, yana neman kabarin wani sarki da ya ce ɓarayi ba su taɓa shiga ba. Bawa ya shiga cikin masu haƙa da kwasar tsakuwa a kwando. Sun daɗe ba su sami komai ba, har ana raɗe-raɗin za a sallami kowa. Sai wata safiya diga ta doki dutse sassaƙaƙƙe. Suka share, suka ga matakala ce. Suka ƙara haƙawa, ga wata a ƙarƙashinta, suna ta gangarawa cikin ƙasa, har suka tarar da ƙofa a shafe da laka, an danna mata hatimi.

A nan ne kullum yayata Hadiza take katse ta. "Inna, Fir'aunan da ruwa ya ci ne?"

"A'a, wanga wani ne, yaro ma. Da yawa suke hwa, kamar sarakunanmu. Ki bari in gaya miki."

Ta ce Baturen ya huda ƙofar ɗan kaɗan, ya zura kyandir. Wata iska mai zafi ta fito, wutar ta yi rawa kamar za ta mutu. Ya kafa ido a ramin ya yi shiru, ya daɗe, har ma'aikatan da ke tsaye a matakala suka fara duban juna. In Inna ta zo nan, ita ma sai ta yi shiru, ta ɗauki ƙarfe tana juya kifi ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa kamar mu yi kuka.

Da aka buɗe, Bawa yana cikin waɗanda aka zaɓa su riƙa fito da kaya, don yana da ƙarfi, kuma ba shi da surutu. Ya ga gadaje na zinariya masu kawunan namun daji, da karusai a warware an jingine su da bango, da akwatuna bisa akwatuna, da gumaka biyu baƙaƙe suna tsaye suna gadin wata ƙofa ta ciki. Har tulunan turare ya gani, da kwandunan abinci da ya bushe. Mukan sa ta maimaita wannan wurin. Ni tambayata ɗaya ce kullum, ko ya ɗauko wani abu.

"Ko ƙwayar gero," in ji ta. "Kai dai, maigida, in da kai ne da an kama ka tun a ƙofa."

Wata rana aka miƙa masa wata 'yar kujera ya fitar. Ƙarama ce, ta yaron da bai daɗe da fara tafiya ba. Shugaban ma'aikata, wani dattijo Bamisire, ya gaya masa cewa ta sarkin ce tun yana yaro, wani ne ya adana ta har ya girma, da ya mutu aka sa masa ita. Bawa ya tsaya da kujerar a hannu. Ya tuna cewa ya bar ɗiya a goye, ga shi yanzu ta wuce zama a irin wannan bai taɓa ganin zamanta ba. Ya kuma dubi ɗakin. Duk abin da ke ciki, wani ne ya ɗauko da hannunsa ya ajiye. Mutanen yaron nan sun san ya mutu, sun san inda yake kwance, sun yi kukansu sun gama. Uwar Ɗanjuma kuwa tana can tana duban hanya.

Ya hau matakala, ya ajiye kujerar inda aka nuna masa, ya je ya sami dattijon ya ce tafiya zai yi.

Dattijon ya ce, "Yanzu? Ba a buɗe ɗakin ciki ba. Ka ɗan dakata ka ga fuskar sarkin, ka sami abin faɗa wa jikokinka."

Bawa ya ce, "Ina da uwa a raye, in Allah ya sa. Akwai saƙon da na riƙe mata."

Wannan wurin yana ɓata mini rai ƙwarai ina yaro. Mutum ya sha rana yana haƙa, sai ana gab da ganin sarki ya tafi? Nakan faɗa wa Inna haka. Takan ci gaba da labarinta, amma muryarta takan sauka, har sai mun matso.

Ta ce damina biyu ya yi a hanya. Ita a lokacin ta isa daka da ɗiban ruwa. Wata la'asar tana wanke ƙore a bakin gulbi, sai wani baƙo rama-rama ya sauko daga kwale-kwale, ya tambaye ta gidan su Bawa masunci, da wata Hausa mai gauraye da Larabci. Ta shige gaba ya bi ta. Kakarta, uwar Bawa, ta riga ta makance, tana zaune a ƙofar ɗaki. Baƙon ya durƙusa ya gaishe ta. Tsohuwar ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa, ta daɗe tana shafawa.

Ta ce, "Bawa. Ina ƙanenka?"

Ya gaya mata, bai ɓoye komai ba. Sannan ta ce, "Kai kay yi mai wanka?"

"Ni ne, Inna."

"An yi mai salla?"

"An yi."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai ta juya wajen da yarinyar take tsaye. "Tumba, kawo wa babanki ruwa."

Nan labarin yake ƙarewa. Inna ba ta rufe shi da irin abin da ake rufe tatsuniya. Sai ta ce mu tashi, kifi ya yi.

Na girma, na koma Birnin Kebbi, na shiga fataucin albasa zuwa kudu. A wata tafiya abokin cinikina, mutumin Augie, ya kwanta ciwo a can, ya cika a gabana, muka yi masa sutura a can. Waya tana aljihuna, zan iya kiran wani in ce ya sanar da uwarsa. Na ga bai dace ta ji daga bakin wanda bai gani ba. Da na dawo na hau babur na nufi Augie. Ina wuce Ambursa na tsaya a gefen hanya, na kashe babur, na zauna ina kallon fadama. Ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba, kuma ni tafiyar yini guda kawai ke gabana. A wurin ne na daina ganin laifin Malam Bawa na shekarun da ya yi yana guje wa gida, na kuma gane abin da ya sa ganin fuskar sarki bai tsayar da shi ba. Na tayar da babur na ƙarasa.

Yanzu ina ganin Inna tana ba mu zinariyar ne don mu zauna mu saurara, sauran kuma ta bar mana sai mun girma. Ta rasu ban taɓa tambayarta abin da ta ji ba, tana yarinya, da ƙwaryar ruwa a hannu, tana nufar mutumin da ta nuna wa hanyar gidansa. Da na sani, da wannan zan tambaye ta, ba zancen zinariya ba.