Kujerar da Na Sauke da Hannuna

Shekara huɗu na yi ina aiki a kan kujerar da na sauke har ƙasa, kuma ba wanda ya sa ni.

Ranar da na kama aiki a Dutse, na tarar ofis ɗaya zan zauna da aminin marigayi mahaifina. Baba muke ce masa tun muna yara. Shi gajere ne, ni kuwa Allah ya zuba mini tsayi. Ina zama sai ga ni ina kallon saman hularsa. Kunya ta rufe ni. A gidanmu ko ruwa ba a miƙa wa babba a tsaye, balle a wuni kai sama da nasa. Na lalubo ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar na ja, ta yi ƙasa da ni.

Haka nake buga takardu, gwiwoyi a sama, kafaɗu a ɗage, kamar mai wanke-wanke. Da bayana ya fara ciwo, sai na ɗora wa hanya laifi, na sayi man zafi. Hankalina bai tashi ba sai ranar da na zo ruku'u a sallar Azahar na kasa sunkuyawa. Na koma salla a zaune, alhali kakata tana yin tata a tsaye. Wannan ya yi mini ciwo fiye da bayan.

Da na je asibiti, likitar gashin ƙashi ta tambayi yadda nake zama, na gwada mata. Ta ce in ɗaga kujerar har gwiwa ta daidaita da ƙugu, tafin ƙafa a ƙasa, baya a jingine, hannu daidai da tebur. In ba haka ba, in ji ta, wahalar zuwa kawai nake yi.

Kwana uku ina kai hannu ga ƙarfen nan ina janyewa. A na huɗu na gaishe da Baba, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗa masa.

Ya cire tabarau. "Wato ba lalacewa ta yi ba? Sau biyu ina rubutawa a canza miki ita."

"Ni na sauke ta, Baba."

Ya dube ni, ya shafa hularsa, ya gane.

"Ke da nake saɓawa a wuya zuwa kasuwar Shuwarin? Ai kin daɗe da hawa samana, 'yar nan."

Ya taso ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa, ya kama ƙarfen, ya ce in ɗan ɗaga jikina. Ya ja, ya leƙa ƙafafuna, ya ƙara ja. Na rasa inda zan sa kaina.

Sai da aka kusa wata biyu kafin na iya yin Azahar a tsaye, raka'a huɗu cif. Na daɗe a ruku'un farko fiye da yadda na saba, don ba na so in ɗago.