Zazzaɓin da Ya Zaunar da Mu a Gardole

Abubuwa da yawa sun same ni na manta su, wasu ma da gangan. Amma ranar da na karanta wa kakata babin farko na tarihin rayuwata, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Sabangali, na kuma karanta littattafan mutanen da suka rubuta tarihin kansu har na lura da abu guda: duk wanda ya riƙe alƙalami, kakarsa waliyyiya ce. Na ce ni ma tawa ba za a bar ta a baya ba.

Mu jikokin mahajjata ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙasa, da jaki da ƙunshi, za su Makka. Suka yada zango a nan tun ana ce wa garin Fort-Lamy, ba su ƙara gaba ba. Labarin da muka tashi da shi shi ne zazzaɓi ya kayar da Malam, wato kakana, ana gobe ayari zai tashi. Matarsa, kakar tawa ke nan, ta haƙura da Makka ta zauna jinya. Shi ya sa a gidanmu ba a cewa "muna zaune a Gardole", sai dai "muna hutawa". Hutun nan ya haifi 'ya'ya da jikoki, har ya yi rufin kwano.

Na rubuta babin, na zuba masa hawaye da tawakkali iya ƙarfina. Wata Juma'a bayan la'asar na same ta a gindin mangwaron tsakar gida. Baffana, ƙanin mahaifina, yana gefe yana haɗa shayi. Malam da mahaifina duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka shi ne babba a gidan.

"Maigida, yau kuma takarda aka kawo mini maimakon cefane?" in ji ta. Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

Na gyara murya na karanta. Baffa yana ta gyaɗa kai yana "Allahu Akbar". Da na gama, sai ta ce, "Kai, wannan mata akwai kirki. 'Yar wane gida ce?"

Na ce, "Ke ce mana, Iya."

"Ni? To ban gane ta ba. Malam dai lafiyarsa ƙalau ran nan. Ni ce na zauna a kan ƙunshina na ce ko taku ɗaya ba zan ƙara ba."

Baffa ya ajiye butar shayi. "Inna, tsufa ne."

"Tsufan ya ci haƙorana, bai ci hankalina ba."

Daga nan ta ba mu labarin, muryarta kamar mai faɗin yadda ake miyar kuka. Ta binne 'ya'ya biyu a hanya kafin su iso nan bakin kogin Shari, ba ta ma iya nuna inda kaburburan suke ba. Ga kuma ciki. Ta ce wa Malam na ukun ba za a tona masa rami can gaba a ƙasar Wadai ba. In Makka yake so, ga hanya nan. Malam bai iya tafiya ya bar ta ba, bai kuma iya fuskantar mazan ayari ya ce mace ta tsayar da shi ba. Sai ya shiga bukka ya kwanta. Ita ta lulluɓe shi da bargo, cikin zafin bazara, abokan tafiya suna shigowa suna yi masa sannu yana nishi.

"Gumin da ya yi kam na gaskiya ne," in ji ta. "Da ƙurar ayari ta kwanta, ya yaye bargo ya ce akwai sauran tuwo?"

Ni dariya ta kama ni, Baffa kuwa fuskarsa ta haɗe. Ya ce, "Inna, ki rufa wa Malam asiri. Masallacin unguwar nan da sunansa ake kiransa. In yaron nan ya rubuta haka, da wane ido za mu kalli mutane?"

"Na rufa masa da bargo, ya isa haka." Ta juyo gare ni. "Wanda ke cikin nan nawa shi ne ubanka. Ka rubuta ni yadda nake, ko ka cire ni ɗungurungum. In ka bar waccan matar da sunana, ban yafe ba. Kalas, magana ta ƙare." Sai ta bugi jikin bishiyar da tafin hannunta. "A makon da ayari ya tafi na binne ƙwallon nan. Ka taɓa ganin matafiyi ya shuka mangwaro?"

Na koma gida da babi mai kyau wanda ba shi da amfani. Na yi ta auna fushin Baffa da rashin yafewarta, na ga ɗaya yana hucewa, ɗaya kuwa in ta tafi da shi shi ke nan. Na sake rubutawa. Sabon babin bai kai na farko tsawo ba, babu hawaye ko ɗigo. Da na karanta mata, ta ce, "Yawwa. Wannan na san ta. Taurin kai gare ta."

Baffa ya daina amsa gaisuwata sai da ka. Haka muka yi ta tafiya har ta rasu a farkon shekarun dubu biyu. Bayan an share makoki, ya kira ni gindin mangwaron ya ce in ɗauko takardun nan. Na karanta, kansa a sunkuye. Na zaci zai ce in ƙona. Sai ya goge ido da hannun riga ya ce, "Wurin da ta ce ƙurar ayari ta kwanta, sake karanta mini. Kamar ita ce ke magana."

Da na bar mata rigar waliyyai da na ɗinka, da babu abin da zai ji ran nan sai muryata. Tun daga lokacin na koyi cewa mai rubuta tarihin rayuwarsa ba wankan gawa aka ɗauke shi ba. Ka tambayi mutanenka tun suna da bakin ƙaryata ka, ka kuma rubuta su yadda in sun ji za su gane kansu.