Ranar da Na Bar Baba Tanko a Gwaram

Na manta sunayen rabin shugabannin da na yi aiki a ƙarƙashinsu, amma ban taɓa mantawa da ranar da na bar Baba Tanko tsaye a ƙofar ɗakin shan magani na Gwaram ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku saurara.

Lokacin da kwalara ta shigo ƙasar nan ne, bayan yaƙin basasa. Ina mataimakin jami'in yaɗa labarai a Birnin Kudu, Gwaram ma mu ke zuwa. Kowace safiya nakan karɓi sanarwa daga hannun duba-gari, in shiga motar da aka ɗaura wa lasifika, in bi ƙauyuka: a tafasa ruwan sha, a rufe rijiyoyi, a kawo mai amai da gudawa sansanin jinya. Idan an sami majinyaci kuma, a motar nan ake ɗauko shi.

Baba Tanko mai shela ne na gado, mutumin wani ƙauye a ƙasar Maruta, bai san ko bihim ba a boko. An haɗa mu ne ya riƙa taimaka mini. Ni na yi kwas a Kano, shi kuwa ganga ce kawai gare shi da maƙogwaro. Amma a taron mako sai Di'o, shugabanmu na yanki, ya ce a gaban kowa, "Inda Tanko ya yi shela an fi fitowa allura." Na yi yaƙe kawai. Kishi ne, ba na ɓoyewa.

Wata Laraba da hantsi, bayan girbi, labari ya iske mu a Gwaram cewa masu farautar gafiya sun cinna wa daji wuta, iska ta karkata da ita wajen ƙauyen su Tanko. Dammunan dawa na jibge a gonaki, ba a kai rumbu ba. Tanko ya rugo da gangarsa.

"Malam Isa, tsaya in hau. Ba za su fito wa mota ba."

"Baba, wannan aikin gaggawa ne, ba na kiɗa ba," na ce, na sa direba ya ja. A raina, yau Di'o zai san wanda ya iya aiki.

Muna shiga ƙauyen na buɗe lasifika: "Jama'a, wuta! A fito!" Sai na ga mata na janye yara, ana rufe ƙyaure. Ashe wata biyu motar nan ba ta kawo musu komai ba sai labarin cuta da ɗaukar majinyata. Da sun ji ƙuginta kowa ɓoye nasa yake yi, ba mai tsayawa jin abin da ake faɗa. Hayaƙi kuma ba baƙo ba ne da kaka, kullum ana ƙona daji. Na zagaya gari sau uku har muryata ta dushe, tsofaffi biyu kawai suka leƙo.

Can sai ga Tanko a kan keken aro, sharkaf da gumi. Ko kallona bai yi ba. Ya tsaya a ƙofar mai unguwa ya buga gangami, kiɗan da tun kaka da kakanni aka san na gobara ne, yana kiran mutane da suna: "Audu na Gabas, ɗauko fartanya! Malam Garba, tara mutanenka!" Kafin ka ce kwabo gari ya fito da fartanyu da ɗanyen ganye, aka share fili tsakanin daji da gonaki, aka bubbuge wutar.

Gona ɗaya ce ta ƙone ƙurmus, ta bakin daji, wadda wuta ta ci lokacin da nake ta zagaye. Ta Tanko ce, abincin iyalinsa na shekara.

Washegari Di'o ya kira mu.

"Tanko, me ya hana ku tafiya tare?"

"Ranka ya daɗe, ni na makara. Malam Isa ya riga ni."

Wallahi maimakon in ji sanyi, sai wani sabon kishin ya taso mini: har a kirki ma ya fi ni.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu kafin su saurari saƙo, sai sun dubi wanda ya kawo shi da abin da ya saba kawo musu. Daga ranar kujerar gaba ta zama ta Tanko. Na kai masa buhun dawa, ya karɓa ya sa mini albarka, kuma har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya, da tuni na huta.