Muryar Kakata a Kaset ɗin Tafsiri

Har yau in na ji warin katifar da ta sha damina, sai gidanmu na unguwar Nima ya faɗo mini a rai. Da irin waɗannan katifu aka toshe tagogin ɗakin kawuna, shekarar da aka ɗauki tafsiri da Kotokolanci, harshen su kakata, a kaset.

Kakata ce ta tada maganar. Hausarta ta cinikin koko ce, tafsirin masallaci kuwa ya fi ƙarfinta. Ta ce ba za ta so ta mutu ba ta ji ma'anar surorin da take salla da su da harshen da aka rene ta da shi ba. Malami ɗaya ya rage a zango da zai iya, shi ma tsoho tukuf, ga tari.

Kawu ya ɗauko wani saurayi daga Circle, can tsakiyar birni, mai rikoda da iyayin tsiya. Tsofaffin mata suka cika ɗaki. Malam na fassara aya, su ɗauka gaba ɗaya: "Allahu akbar!" Saurayin ya tsayar da kaset, ya dubi kakata, ya yi mata gurguwar Hausarsa.

"Hajiya, I beg, ka yi shiru small. Noise ya yi yawa."

Ƙarshe ya fitar da su duka. Aka hana dakan fufu, mu yara aka kora mu bakin kwata. Ban taɓa jin gidanmu tsit haka ba.

Sai malam ya kasa. Ya fara magana da Kotokolanci, ta zame masa Hausa. Ya sake, haka dai. Can ya ture makirufo ya ce, "Ban iya yi wa ƙarfe magana da harshen uwata ba. Ku kira mini Hajiya."

Ta dawo ta zauna gabansa, sai bakinsa ya buɗe. Yana faɗa tana amsawa, wani wurin ta tambaya, wani wurin ta yi kuka. Saurayin ya sha mur, amma bai ƙara tsayarwa ba. Ta ji surorinta duka, kuma ba ta ga wata damina ba.

Yanzu an juye kaset ɗin a waya, yana yawo daga unguwar Maamobi har garin su kakata. Yaran zamani sun ce za su iya goge muryar tsohuwar, na ce kul. Ina kewarta ƙwarai, ga harshen ya kuɓuce mini. In malam ya yi nisa na ɓace, ita nake jira. Inda ta yi kabbara, nan ni ma nake yi.